Yadda zaki zaunar da yara su yi wa tukunyar fure fenti, da abinda suke tsinta a ciki

Tunda aka rushe unguwarmu a Jidda a 2022 muka dawo shaƙƙa, wato fulat a gidan bene, hawa na uku, abinda yafi tsaya min a rai shine zaman yaran nan. A da akwai tsakar gida, yaro ya fita ya tona ƙasa ya dawo buɗu-buɗu kiyi ta faɗa ki wanke shi, amma dai hannunsa ya taɓa wani abu. Yanzu daga rauda, wato makarantar nazare, sai ɗaki, daga ɗaki sai jawwal, wayar hannu kenan, yatsa ɗaya tal ke aiki yana shafa gilashi sama da ƙasa. Ban farga ba sai da ablar 'yata, wato malamarsu, ta tare ni a bakin ƙofar makaranta tace yarinyar nan tana da kai wlh, amma fensir ke gagararta, tana damƙe shi kamar muciya kuma layi biyu take cewa hannunta ya gaji. Shekararta biyar lokacin. Na dawo gida raina duk a jagule, na siyo littattafan nan masu ɗigo-ɗigo na bin haruffa, kwana uku muka yi ana kuka na haƙura.

Tukunyar fure ce ta fidda mu, kuma ba wata dabara na zauna na ƙirƙiro ba, na je mashtal ne, wajen saida shuke-shuke, siyan na'ana'a 'yata ta ga ƙananan tukwanen ƙasa a jere ta nace sai na siya mata. To ga yadda muke yi yanzu, da kurakuran da na tafka dan kar ki maimaita su.

Farko tukunyar. Idan kin shiga mashtal kice markan fukhar kike so, ƙarami, wanda yaro zai iya rungumewa da hannu biyu ba tare da nishi ba. Ki ɗauki na ƙasa ja wanda ba'a yi masa ƙyalli ba, saboda jikinsa yana shan fenti, na roba kuwa fentin zamewa yake kuma in ya bushe ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ki juya gindinsa ki tabbatar akwai huda, ki ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, in kinji ƙara garau lafiyarsa lau, in kinji dum-dum to akwai tsaga a ɓoye. Kuma dan Allah ki siyo da rara. Yara uku tukunya huɗu ko biyar, sbd ɗaya sai ta fashe, wannan kamar wajibi ne. Shagunan abu riyalen, na kayan riyal biyu-biyu, su ma suna kawowa wani lokaci, duk da yanzu sunan ne kawai ya rage, komai ya koma abu hamsa, wato riyal biyar.

In kun dawo gida kar a fara fenti ranar. A wanke tukunyar da ruwa da soso a cire ƙura, kuma yaron ne zai wanke da kansa, sannan a kife ta ta kwana ɗaya cur ta bushe. A Jidda da raɓar nan tamu gara ki barta a ɗaki mai mukayyif, wato AC, in kin barta a balakona zaki taɓa waje kiji kamar ta bushe alhali cikin yumɓun da sauran danshi, fenti kuma baya kama jiƙaƙƙen yumɓu. Wannan jiran na kwana ɗaya shi kansa karatu ne. 'Yata ta tambaye ni ta bushe? yafi sau goma kafin isha'i, nace je ki taɓa ki faɗa min, in da sanyi da saura.

Sai fenti, anan nake so ki nutsu. Kar ki kuskura ki ɗauko ragowar boyar bango ko ta ƙofa da maigida ya ajiye a bayan injin wanki. Fentin mai ne, warinsa kaɗai yana sa ciwon kai, sai da tina yake fita a hannu, kuma wasu tsofaffin irinsa akwai dalma a ciki wadda take taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ki je maktaba, shagon kayan rubutu, kice alwan akrilik na yara, ki duba jikin kwalin an rubuta gair sam, wato ba guba. Akrilik da ruwa ake sirka shi, yana bushewa cikin kamar minti ashirin zuwa talatin, kuma in ya bushe ruwa baya wanke shi. Amma fa haka yake a jikin kaya ma, in ya bushe a riga ya zauna kenan har abada, dan haka tsohuwar jallabiyar babansu ko wata riga da ta mutu ita zaki zura musu.

Ni karon farko kalar ruwa na siya, irin ta makaranta, don tafi araha. Aka yi zane mai kyau, aka shuka, aka jera a balakona. Ranar da aka fara ban ruwa sai ga jan ruwa da kore yana bin gindin tukunya yana ɗiga ƙasa, kuma maƙociyarmu ta hawa na biyu ta shanya fararen tobobin mijinta guda uku ranar Alhamis saboda Juma'a. Hmm. Ban ƙara cewa komai akan wannan ba, illa dai har yau in mun haɗu a lifta gaisuwar a taƙaice take. Kalar ruwa ta takarda ce, ki barta a takarda.

Kala nawa? Ja, ɗorawa, shuɗi, da fari. Shikenan. Nasan zaki ga kwali mai kala ashirin da huɗu ranki ya biya, ki daure ki wuce, don rabin karatun yana cikin rashin kalar ne. Yaro yace Mama ina kore, kice babu, amma ɗebo shuɗi kaɗan ka sa a ɗorawa ka juya mu gani. Ki kalli fuskarsa lokacin da koren ya fito. Ɗana na tsakiya ihu yayi ya ruga ya kira yayarsa wai ya yi sihiri. Ja da ɗorawa ya bada ruwan lemo, ja da shuɗi ya bada shunayya, in an ƙara fari komai ya yi haske, in kuma aka haɗa duka gaba ɗaya a samu ruwan ƙasa mai kama da kwata, kuma zasu haɗa ɗin, ki barsu su gani da idonsu. Abinda yaro ya gano da hannunsa baya mantawa, wanda kika faɗa masa da baki kuwa kafin la'asar ya bi iska.

Sauran kayan duk suna kicin ɗinki. Sufrar roba ta cin abinci ki shimfiɗa biyu a ƙasa, kofunan zabadi, wato yogot, da aka shanye na ruwan wanke buroshi, kwalin ƙwai na zuba fenti kowace kala a raminta, tsohon soson wanke-wanke ki yayyanka ƙanana, auduga mai tsinke ta goge kunne don yin ɗigo, da shatartun, wato salatif, na takarda. Buroshi ki nemi mai kauri ga ƙanana, siriri ga wanda ya kai biyar ko shida. Lokaci kuma safiyar Asabar tafi, ko bayan la'asar, lokacin da ba yunwa ba barci. Kar ki ja zaman, ɗan shekara uku in ya baki minti goma ya yi ƙoƙari, in ya miƙe ki barshi ya tafi.

Ki kife tukunyar baki a ƙasa gindi a sama, tafi zama daram. Waje kawai ake fentawa, ciki a barshi yadda yake tunda abin ci za'a shuka, kuma a kula kar fenti ya toshe hudar gindi. In kina so kala ta fito sosai a fara shafa fari a bari ya bushe, don jan yumɓu yana cinye kala, shuɗi sai ya koma wani duhu-duhu. Wannan shafen farin da soso yaron zai yi shi ma.

Yanzu maganar hannun da ta kawo ni. Takarda a shimfiɗe take, tukunya kuwa zagaye ce, dole hannu ɗaya ya riƙe yana juyawa ɗayan yana shafa, kuma haka rubutu yake, hannu ɗaya ya danne littafi ɗaya ya ja alƙalami. Yaro ɗan shekara biyu zuwa uku da dunƙulen hannu yake riƙe buroshi, daga kafaɗa yake motsi, wannan daidai ne kar ki gyara masa. Yawanci wajen huɗu zuwa shida ne riƙon yake saukowa yatsu uku. Abinda ke taimakawa shine ƙananan abubuwa, shi yasa nake son audugar kunnen nan, ba yadda za'a yi a damƙe ta kamar muciya, dole sai da kan yatsu. Na sa 'yata tayi ta ɗiga fararen ɗigo a bakin tukunya tana zagayawa, bata san aikin da ablar ke nema take yi ba, ita dai ado take wa tukunyarta. Ɓare shatartun ma aiki ne, a manna shi a zagaye a shafa fenti a kai, in ya bushe yaro ya kama bakin da farce ya ja a hankali sai ga layi tsaf.

Lissafi ma yana shigowa ba sallama. Kice ja, fari, ja, fari, me zai biyo? In ya gane sai ki ƙara wuya, ja biyu fari ɗaya. Ɗigo nawa suka zagaye bakin, mu ƙirga. Tukunyar wa tafi girma, wacce zata fi cin ƙasa, kofi nawa na ƙasa zai cika ta, ka canka kafin mu zuba. Kar dai ki maida abin jarabawa, tambaya ɗaya biyu ki yi shiru.

Kuma dan Allah kiyi musu da Hausa. Wannan yana ci min tuwo a ƙwarya, yaranmu na nan ahmar da akhdar da asfar suke sani, ka ce ɗorawa su tsaya suna kallonka. Larabci ba zai gudu ba, yana rauda yana titi yana talabijin, Hausar ce bata da wajen zama sai bakinmu. A zaman fenti ɗaya yaro zai ji ja, kore, shuɗi, fari, baƙi, zai ji shafa, ɗiga, juya, kife, bushe, jiƙe, tsaga, kauri, siriri, kuma kowace kalma da abinta a hannunsa. Ranar da surukata Hajiya tazo daga Makka ta same mu a kai, ta zauna a kujera tana kallo tana taɓe baki, can tace wai yanzu tukunya ma sai an mata kwalliya. Minti biyar ba'a yi ba ta sauko kan sufra tace ke miƙo min allin nan. Ta zana dagi a jikin tukunyar babban, irin na jikin gidajen Kano da wuyan babbar riga, hannunta na rawa amma layin bai karkace ba, tace to bi kan layin kar ka fita. Daga nan ta shiga basu labarin randa da tulu da kaskon wuta da asusu, yadda ruwan randa ke sanyi ba firij saboda jikinta na tsatsafo da ruwa iska na busarwa. Yaran suka ce Hajiya meye asusu? Tace la ilaha illallahu, ta juyo ta harare ni kamar ni na ɓatar da shi. Ta buɗe jakarta ta zaro tsohuwar naira ashirin ta nuna musu matar dake bayan kuɗin tana ginin tukunya, Ladi Kwali, tace kun ga mace ce da yumɓu ta shiga jikin kuɗi. Da gaske ne kuma, a 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, har Ingila da Amurka ta je tana nuna aikinta.

Maganar me za'a zana, kowane gida da fahimtarsa. Mu a gidanmu bama zana mai rai, kuma bamu rasa abin yi ba, ga dagi, ga zanen lalle, zanen ƙwarya, fure, ganye, jinjirin wata, tauraro, harafin farko na sunan yaro da Larabci ko da boko. In ranar ƙasa ta Saudiyya ta matso, 23 ga Satumba, zasu ce kore da fari suke so, ba laifi, amma kar a rubuta kalmar shahada ko sunan Allah a jiki, abu ne da ake ajiyewa a ƙasa ruwan taki na bin sa.

Ga babban kuskurena, wanda yafi na tobobin maƙociya ciwo. Wata tukunya da 'yata tayi a farko-farko, gaskiya ba kyau, wani shuɗi ya hau kan ja ya zama taɓo, gefe ɗaya ko fenti babu. Da tayi barci na ɗauko buroshi na gyara, na cike gurbin, na zana mata furanni 'yan dagwas a baki, ina ta jin daɗi zata tashi ta gani. Da safe ta tsaya ta kalle ta ta kalle ni tace Mama ina tawa? Nace gata nan na ƙara mata kyau ne. Tace wannan taki ce. Wlh bata ƙara taɓa ta ba, ko ruwa bata taɓa zuba mata ba har na'ana'ar ciki ta bushe. Tun daga ranar nake siyo tawa tukunyar daban, in hannuna yana ƙaiƙayi in yi a tawa. Ki zauna kusa, ki miƙa abinda aka nema, ki goge abinda ya zube, amma hannunki ya tsaya a cinyarki. Kuma in ya gama kar ki tsaya a masha Allah yayi kyau kawai, kice bani labarin wannan, me yasa nan ka sa ja da yawa? Zaki sha mamaki, taɓon da kike gani ashe motar babansa ce a titin Madina cikin dare.

In akwai ɗan ƙasa da shekara uku mai kai komai baki, kar ki bashi akrilik. Ki bashi tukunya da buroshi da kofin ruwa zalla. Ruwa in ya taɓa jan yumɓu yana yin duhu kamar fenti, bayan ɗan lokaci ya bushe ya ɓace ya sake sabo, autana yana iya rabin awa akan wannan yana mamakin ina zanensa ya tafi.

Bayan fenti ya kwana ya bushe, ke zaki fesa warnish, man da ke kare fenti, a waje, ke kaɗai, a saman bene ko balakona yara na ciki an rufe ƙofa, shafe biyu da tazara a tsakani. Duk da haka ki sani danshin ƙasa yana ratsa yumɓu daga ciki, bayan watanni fentin zai iya kumbura ya ɓare. In kina so ya daɗe ki bar shukar a 'yar robar da ta zo da ita daga mashtal ki zura cikin mai fentin. Ni dai na fi son a zuba ƙasar kai tsaye yaro ya cusa hannu, in ya ɓare a sake wani.

Abin shukawa ki zaɓi mai saurin fitowa don haƙurin yaro gajere ne. Hulba ta kicin ɗinki in kin jiƙa ta kwana cikin kwana uku zuwa biyar zaki ga tsiro, wake kamar sati, na'ana'a kuwa reshe ake sakawa a ruwa ya yi saiwa a dasa, raihan, wato ɗoɗɗoya, ma yana son garin nan. Ki guji difla, wannan mai furen ruwan hoda da ake shukawa a bakin titi, duk jikinta guba ne, haka furen sahara mai kumburarren gindi da ake saidawa a mashtal, ruwan jikinsa guba ne. A sa ɗan tsakuwa ko fasasshen kasko a kan hudar, a zuba ƙasar shuka, a bar kamar faɗin yatsa biyu daga baki. Lokacin shuka anan daga Oktoba zuwa wajen Maris ne, in kika fara a Yuli rana zata ƙone shi kwana biyu yaro yayi ta kuka, sai dai a ajiye a ciki kusa da taga. Ruwan dake ɗiga daga mukayyif muke tarawa a galan muna ban ruwa dashi, na shuka ne kawai banda sha.

Anan ne tukunyar take zama makaranta ta gaske, don fenti yini ɗaya ne, ban ruwa kuwa kullum ne. Kalmar rauda ma ai lambu take nufi, kuma Bajamushen da ya fara irin wannan makaranta, Friedrich Froebel, a 1840 ya raɗa mata suna lambun yara, kowane yaro da ɗan fegin da yake kula dashi. Mu da bamu da fegi tukunya ce fegin. Kowa da tasa, kowa ya san tasa tunda shi ya zana, ba mai cewa ai na ɗauka ta wane ce. Ki koya masa ya tura yatsa cikin ƙasa, in ya fito da danshi a bari sai gobe, don yara da yawan ruwa suke kashe shuka ba da ƙishi ba. Mun kafa tsinken tsire a kowace tukunya, duk Juma'a bayan an sauko masallaci a ja layi inda tsiro ya kai. Na faɗa musu hadisin nan da ke cewa duk musulmin da ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, sai gashi ranar da tattabaru suka sauka suka cinye hulbar ɗana tas, yana hawaye yana tambayata to Mama an rubuta min ladan? Nace an rubuta insha Allah, ɗauko wata hulbar mu jiƙa.

Wata zata mutu, wata zata fashe. In ta fashe ke zaki kwashe don bakin yana yanka, manyan ɓallin ki ajiye na rufe hudar tukunya ta gaba. Yanzu guda tara ne a balakonarmu, kowacce da faranti a ƙarƙashinta saboda hawa na biyu, kuma na'ana'ar shayin babansu daga tukunyar 'yata ake tsinkowa, sai an nemi izininta, ganye biyar take bayarwa bata ƙarawa.